Gurbi a Gefen Unguwarzoma

Yawancin rayuwata na yi ta ne ina gadin mutanen da ba za su gudu ba, kuma ba mai son satarsu. Maƙabarta ce ta Kirista a kudancin tsohon garin Jidda, bayan wata doguwar katanga da ba a rubuta komai a jikinta ba. Mai wucewa zai ɗauka sito ne na wani ɗan kasuwar da ya karye. Daga mahaifina na gaji aikin a tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da ƙafafunsa suka ƙi. Wasu shago suke gada, wasu mota. Ni mabuɗi na gada, da tsintsiya, da tiyon ban ruwa wanda facinsa ya fi asalinsa yawa.

Mahaifina da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano, ta Sudan, ya yi aikin Hajji bai koma ba. Ni a nan aka haife ni. Abin da na sani game da wurin daga bakinsa na ji, shi ma daga bakin wanda ya riga shi. Ya ce na Turawan jiragen ruwa ne, 'yan Furotesta, wato waɗanda ba sa bin Fafaroma. A da teku na kusa har ana jin warinta, kafin a cike gaɓar a yi tituna. Matuƙan jirgi ne a ciki da zazzaɓi ya kayar a tasha, da ma'aikatan ofisoshin jakadanci, da jarirai, jarirai da yawa. Babu gicciye ko ɗaya a tsaye. Wanda ke akwai a kwance yake, sassaƙe a jikin dutse, gishirin ƙasa ya cinye rabinsa tare da sunayen. Gari ya yi ta girma yana matse mu, shagunan kayan lantarki ta gabas, garejin manyan motoci ta kudu, har muka zama wani ɗan fili mai bishiyoyin maina da kowa ya manta da shi, ban da wani kamfanin jiragen ruwa da ke matsayin kafilina, wato mai tsaya mini a wajen hukuma, wanda ke sabunta mini iƙama, takardar izinin zama, idan ya tuna.

Abu ɗaya ya dami mahaifina duk tsawon aikinsa, shi ne gaisuwa. Musulmi in ya shiga maƙabarta akwai sallamar da yake yi wa mamata. Waɗannan kuwa bai san ko ta halatta a kansu ba, kuma tarbiyyarsa ba ta bar shi ya shiga wurin mutane ya wuce su kamar itace ba. Ya tambayi malamai, kowa da abin da ya ce. Daga ƙarshe ya yanke wa kansa hukunci. In ya buɗe ƙofa da safe sai ya ce, "Sannunku da kwana." Na gaji wannan ma. 'Yan unguwarmu a Sharafiyya suna kirana mai gadin kafirai, wasu da wasa, wasu ba da wasa ba. Na daina jin zafin abin tun da wuri, don ba ni da ƙarfin yin fushi kullum.

Ban fi 'yan shekaru da kama aikin ba aka aiko mini daga kamfani cewa in haƙa kabari. Lokacin ma an fara rage binne mutane a wurin, yawanci jirgin sama ke mai da gawa ƙasarta. Ƙasar wurin yaudara gare ta. Sama-sama rairayi ne mai laushi, in ka nutsa kamu biyu sai ka ci karo da dutsen teku, irin wanda aka gina tsoffin gidajen gari da shi. Ni da wani ɗan Yaman muka wuni muna sara. Kafin mu gama tafin hannuna ya ɗaye, jini na bin ƙotar diga.

Da la'asar mota ta kawo akwati, da Turawa uku, da wani baƙin mutum dogo cikin kaftani ruwan toka. Na ɗauka direbansu ne. Wani Bature ya karanta wani abu daga littafi, murya ƙasa-ƙasa, don a garin nan ba a ɗaga murya da irin wannan. Da ya gama sai dogon nan ya matso bakin ramin ya fara waƙa a hankali. Da Hausa. Na tsaya da shebur a hannu kamar wawa. A iya sanina, duk wanda ya yi Hausa a Jidda alhaji ne da bai koma ba, ko ɗan alhajin da bai koma ba. Ban taɓa kawo wa raina akwai wani iri ba.

Wadda ke cikin akwatin matarsa ce. Su biyun mutanen ƙasar Zazzau ne, daga wani ƙauye da 'yan mishan suka daɗe a ciki. Shi makanike ne, wani kamfanin gine-gine a unguwar masana'antu ta Jidda ya ɗauko shi. Ita unguwarzoma ce a wani ƙaramin asibiti, ta karɓi haihuwar mata da yawa, tata ta zo ta tafi da ita tare da jaririn. Akwati ɗaya aka sa su.

Bayan Turawan sun koma mota ya tsaya yana kallon hannuna.

"Kai ka haƙa?"

Na ce ni ne.

"Sannu. Allah ya saka." Sannan ya nuna filin da ke hannun damanta, wajen gindin maina. "Nan da kowa?"

"Ba kowa."

"To ka bar mini."

Na ɗauka maganar zafin mutuwa ce, irin wadda mutum ke yi ya manta kafin arba'in. Amma don in kwantar masa da hankali na ɗauko wani gutsuren dutsen da muka fasa na ajiye a wurin. Ya gyara masa zama da ƙafarsa, ya tafi.

Mutum biyu ko uku aka ƙara binnewa bayanta, sai aka ce an rufe. Ba wanda ya zo ya yi mini bayani. Wani ma'aikacin kamfani ne ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko kashe mota ba, ya ce, "Halas, an gama, ba sauran haƙa. Ka dai riƙa shara." Tankar ruwan da ke zuwa kowane mako ta koma zuwa wata-wata, daga baya sai na je na yi ta roƙo. Baƙi masu ziyara suka ɗauke. Wani lokaci shekara ta zagayo ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar sai mutum ɗaya, mijin unguwarzomar nan.

Kowa Usta yake kiransa, yadda ake kiran gwanin sana'a a nan. Ni kuwa Maigida yake ce mini, wai ni ne mai masaukin baƙi. Duk ranar Juma'a da hantsi, lokacin da gari ya yi tsit, sai in ji bugunsa.

"Maigida, yaya baƙin naka?"

"Suna nan, Usta. Ba wanda ya yi ƙorafi."

Sai ya wuce wajenta da jarkar ruwa biyu da ya ɗauko tun daga tashar mota. Ɗaya ta ɗoɗɗoyar da ya shuka a kanta ce. Ɗayar kuwa a kan filin banza yake juye ta, inda na ajiye dutsen nan. Na yi ta kallonsa har na kasa haƙuri.

"Ya Usta, me ka shuka a nan?"

"Ba komai. Laushi nake so ta yi. Na ga abin da ta yi wa hannunka."

Na yi dariya har da tari. Na ce masa dutsen teku ne a ƙasa, ya yi shekaru dubbai cikin ruwa bai yi laushi ba, jarkarsa ce za ta sa shi? Ya ce shi makanike ne, ya san babu ƙusar da ba ta kwancewa in an daɗe ana ɗiga mata mai. Na ce ai wannan ba ƙusa ba ce. Ya ce to, ruwansa ne ko nawa? Na ƙyale shi. Mutum ne mai taurin kai cikin sanyin murya, irin wanda gardama da shi ke gajiyar da kai ba tare da ka ji an yi gardama ba.

Kamfaninsa ya gama kwangila ya tattara ya tafi, aka ba shi tikitin komawa gida. Bai hau jirgin ba. Iƙamarsa ta mutu, ya zama kamar dubban 'yan'uwanmu da ake kira Takari, masu zama ba takarda, masu canza hanya in sun hango motar jami'an fasfo. Ya kama ɗaki a Sharafiyya a gidan wata Hajiya mai sayar da fura da ƙosai, yana gyaran injin ruwa da na'urar sanyaya ɗaki a bayan gida. Na taɓa tambayarsa don me ba zai koma ba, tunda yana da dangi. Ya nuna kaburburan da haɓa.

"Dube su. Duk Turawa. Ita kaɗai ce Bahaushiya a nan. Da wa za ta yi hira?"

A unguwa ba wanda ya san shi Kirista ne, kuma ban taɓa jin ya yi ƙarya a kai ba. Ba wanda ya tambaya, shi ke nan. Mutum ne da ke cewa in Allah ya yarda, yana cewa alhamdu lillahi, yana sa kaftani da hula, yana zuwa gaisuwar mutuwa da suna. In an kira salla kowa na rufe shago, shi ma sai ya rufe ya shiga ɗaki. Da azumi ba ya ci a gaban mutane. Gwiwarsa ɗaya ta lalace tun wani injin da ya faɗo masa, sai aka yanke cewa a zaune yake salla a ɗaki. 'Yan kaɗan da suka san shi tun zamanin kamfani, wasu sun mutu, wasu an kama su an mai da su gida. Waɗanda suka zo daga baya sun tarar da dattijo mai Hausar Zazzau a Jidda, me kuma za su tambaya?

Da furfura ta gama cin kansa, wata Juma'a ya zauna a kan bencina bayan ya gama ban ruwansa, abin da ba ya yi.

"Maigida, in na mutu kai za ka faɗa musu."

"Ka faɗa musu da kanka mana, tun kana da rai."

"Na gaji da bayani tun kafin in fara. Hajiya za ta shiga damuwa, ta rasa ko ta ci gaba da aiko mini da kunu ko ta daina. Yaran da ke kawo mini gyara su fara kallona wani iri. A bar ni in ƙarasa lafiya. Ranar kawai ka zo ka ce, wannan ba naku ba ne, ga inda za shi."

Na gaya masa gaskiya. Na ce wurin a rufe yake, shi kuma ba shi da takarda, sai an bi ofishin jakadanci, an bi hukumar gari, an bi 'yan sanda, kuma kowannensu zai iya cewa a'a. Ya ce ya sani. Duk da haka na je kamfani na yi kwana da kwanaki ina zaman benci har na samu ganin wani babba. Ya saurare ni yana duba agogo, ya ce miji a gefen matarsa ba sabon kabari ba ne a wurinsu, in abin ya faru in kawo labari da wuri, kafin a yi komai, za su gwada. Na kawo wa Usta wannan amsa. Mako na gaba jarka uku ya zo da su.

Akwai wata al'ada tsakaninmu da shi. Lokacin Hajji duk wani Bahaushe mai ƙafa a Jidda yana tafiya Makka neman na shekara, wasu aski, wasu tura keken tsofaffi, wasu tafinta tsakanin alhazai da masu masauki. Ni tafinta nake yi, don aikin gadi ba ya riƙe gida. Usta shi kaɗai ne cikin sanina da ba ya zuwa, don hanyar Makka ba ta wanda ba Musulmi ba ce, kuma bai taɓa gwada ƙetare wannan iyaka ba ko da wasa. 'Yan unguwa suka ce gwiwa ce. Saboda haka duk shekara shi nake bar wa mabuɗi. Yana son kwanakin nan fiye da yadda yaro ke son salla. Yakan wuni a ciki, ya share kowane kabari, ya ɗaure tiyo, in na dawo ya yi mini ƙorafin cewa ba na kula da Turawan kusurwar yamma.

A wata shekara, bayan an shiga shekarun dubu biyu, na ba shi mabuɗi kamar kullum. Ya raka ni har titi yana jan ƙafa. Ya ce in roƙa masa gafara a can, kamar yadda yake cewa duk shekara, ni kuma na ce to, kamar yadda nake cewa.

Na dawo bayan an gama jifa, muryata ta dushe, ƙafafuna sun kumbura. Ban ko sauke jaka ba matata ta ce Hajiya mai fura ta aiko a neme ni, an yi ta kiran wayata ba ta shiga. A Mina a kwanakin nan ko wanda ke tanti ɗaya da kai ba ka samu a waya. Na tafi gidan. Na tarar da tabarmi a ƙofa, da dattawa biyu da tsufa ya hana su tafiya aikin bana, suna zaune da tasbaha.

Ranar Arfa ya rasu. Hajiya ta aika masa da kunun buɗa baki, don a zatonta yana azumin ranar kamar kowa, aka tarar da shi a kan katifa ya riga ya yi sanyi.

Ya kamata in faɗi yadda muke yi, don kada a zargi kowa. In Takari marar takarda ya mutu, gawarsa asibiti ake kai ta, a sa a firji. In ba wanda ya tsaya mata, tana iya yin watanni a can, ba wanka ba salla. Wannan shi ne abin da kowannenmu ya fi tsoro, fiye da kamu. Don haka muka saba, da an ji mutuwa, dattawa biyu masu iƙama su tashi a guje su je su ba da shaida cewa sun san shi, Musulmi ne, namu ne, a ba mu shi. Ba a jira dangi, ba a jira gobe. Ana ganin wannan shi ne alheri mafi girma da za ka yi wa baƙon da ba shi da kowa. Dattawan nan biyu, ɗaya da sanda, ɗaya da ciwon suga, sun yi sammako suna hawa da sauka a ofisoshin da rabin ma'aikatansu ke hutun salla, har suka karɓo shi. Hajiya ta fito da likkafanin da ta tanadar wa kanta, wanda ta wanke da ruwan Zamzam. Aka yi masa wanka, aka sallace shi ranar Idi bayan azahar, masallaci cike, aka kai shi babbar maƙabartar Musulmi.

Dattijon mai sanda ya kama hannuna, idonsa na ƙyalli.

"Abokinka ya dace, wallahi. Ranar Arfa! Ka ga jama'ar da ta sallace shi? Ko mai gari sai haka. Mu dai mun yi iya namu, ba mu bar shi ya kwana biyu a firji ba."

Na dube shi. Na dubi Hajiya da ke bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi, matar da ta ba da likkafaninta. Maganar da Usta ya ba ni ajiya tana bakina, wannan ba naku ba ne. To amma ta ranar ce, ranar kuwa ta wuce. A maƙabartun garin nan ba a rubuta suna, ba a kafa alama, dutse ne kamar kowane dutse, bayan wasu shekaru ma a sake amfani da ramin. Ko da na faɗa, ba mai tono shi. Abin da kawai zai biyo baya shi ne tsofaffi biyu su shiga uku a kan shaidar da suka bayar da zuciya ɗaya, Hajiya kuma ta ƙare kwanakinta tana tambayar malamai hukuncin likkafaninta.

Na ce, "Allah ya saka muku da alheri." Har zuciyata na faɗa, kuma ban taɓa jin gajiya irin ta wannan rana ba.

Hajiya ta miƙo mini mabuɗin. Ta ce a wuyansa aka same shi, ɗaure da igiya, masu wanka suka cire.

Na ci gaba da aikin wasu shekaru, har kamfanin ya haɗe da wani, sabbin masu shi suka ce ba su san da wata maƙabarta ba, aka sa wa ƙofar sarƙa. Yanzu ina zaune wajen ɗana da ke tuƙi a wani gida a Abhur, jikokina suna jin Hausa amma da Larabci suke ba ni amsa. Ban san halin da wurin ke ciki ba, kuma na daina tambaya. Abin da ke dawo mini shi ne washegarin ranar da na karɓi mabuɗin.

Na buɗe ƙofa da safe na ce sannunku da kwana. Ya share ko'ina tas, har kusurwar yamma. Jarkokinsa na jere a gindin maina, biyu ba komai, ɗaya cike, wadda bai kai ga juyewa ba. Duk maƙabartar ta bushe ta yi fari da gishiri, ban da wuri ɗaya. Gefen damanta ciyawa ce kore shar, daidai tsawon mutum, dutsen da na ajiye yana tsakiya. Na sa ƙafa na taka. Ƙasar ta nutsa.

A wurinmu ba a barin mace ta ji mutuwar mijinta a bakin hanya, sai an je har inda take an zauna an gaya mata. Na cire takalmi, na tsuguna wajen kanta, kusa da ɗoɗɗoyar. Na daɗe ina neman yadda zan fara, ni da na yi shekaru ina fassara maganar mutane.

Na ce, "Baiwar Allah, sai haƙuri. Ba zai zo ba."